Kafin Ka Nemi Amsa-Amo, Fara Gyara Kari: Shawara Ga Masu Son Waƙe Tarihinmu

Jama'ar Ƙofar Dumi, da sauran 'yan uwa na gida da na nesa.

A 'yan shekarun nan matasanmu sun dawo wa rubuta waƙa, kuma wannan abin farin ciki ne. Ba a rasa wanda zai saki baitoci a Facebook ko WhatsApp idan wani babba ya rasu, ko ruwa ya yi ɓarna, ko Wikki Tourists ta ci wasa, ko zaɓe ya ƙarato. Da yawa daga cikin waƙoƙin nan labari suke bayarwa: ga abin da ya faru, ga waɗanda abin ya shafa, ga yadda aka ƙare. To amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, a cikin duk waɗanda muka karanta bara, guda nawa ne wani zai iya kawo ko da baiti biyu daga ciki da ka a yau? Alhali kuwa muna da tsofaffin da ba su taɓa riƙe littafin Imfiraji ba, amma da ka ja musu farkon baiti sai su ƙarasa maka.

A ganina ba rashin basira ne ya jawo haka ba. Waƙar labari tana tsayawa ne a kan duwatsun murhu uku: kari, da maimaici, da amsa-amo. Kari ne babba, maimaici na biye masa, amsa-amo ne auta. Mu kuwa yanzu mun juya jerin. Mun ɗauki amsa-amo mun ɗora a ka, muna ƙyamar maimaici, kari kuwa da yawanmu ba mu ma san da zamansa ba. Shi ya sa waƙoƙinmu ke mutuwa ranar da aka haife su, labarin da suka ɗauko kuma ya bi su.

Bari mu fara da kari, tunda shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Gaɓar kalma a Hausa iri biyu ce: mai nauyi da marar nauyi. Marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, mai nauyi kuwa ita ce mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda ta ƙare da baƙi. Ka furta kalmar “kasuwa” a hankali, za ka ji ta farko da nauyi, ta tsakiya ba nauyi, ta ƙarshe da nauyi. Ka furta “mutane” kuma, sai ka ji marar nauyi ce a gaba, masu nauyi biyu na biye. Kari shi ne jera waɗannan gaɓoɓi bisa wani tsari da zai riƙa dawowa a kowane ɗango, kamar yadda sautin taɓarya ke dawowa idan mata biyu na luguden daka. Kunne na kama shi tun kafin hankali ya gane ma'anar maganar.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a zaurukanmu. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra na ƙarni na 8, shi ya tsara ilimin aruli, ya fitar da karuruwa 15 na waƙar Larabci, daga baya Ahfash ya ƙara ɗaya suka zama 16. Da yake Hausa da Larabci sun yi tarayya wajen bambanta dogon wasali da gajere, sai malamanmu suka iske karuruwa irin su Kamil da Ramal da Mutaƙarab da Wafir sun zauna wa Hausa daram. Farfesa M.K.M. Galadanci ma aure ya kira wannan haɗuwa a nazarin da ya yi a 1975. Duk almajirin da ya rera Ishiriniya ko Burda a zaure, ko bai san sunan kari ko ɗaya ba, kunnensa ya riga ya horu.

Me ya raba matasan yau da wannan horo? Babban dalili shi ne rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Rubuta “gari” ka ba mutum. Garin da ake zama ne, ko garin da ake tuƙa tuwo? A baki sun bambanta, domin na tuwo wasalinsa na farko dogo ne, na zama kuwa gajere. A ajami akan nuna bambancin da alif ko wawu ko ya, a boko kuwa duk kamarsu ɗaya. Saboda haka yaron da ya koyi waƙa ta kallon fuskar waya, abin da idonsa ke iya gani shi ne harafin ƙarshen layi. Sai ya ɗauka idan layuka sun ƙare da “ya” ko “na” to waƙa ta haɗu. Ɗango ɗaya gaɓa takwas, mai bi masa gaɓa goma sha bakwai, amma shi dai ya ga ƙarshensu ya zo ɗaya. Ka ce ya rera maka, nan za ka ji yana tuntuɓe, yana haɗiye wasu kalmomi, yana jan wasu kamar roba.

Wani zai ce to mene ne ruwan kari da labari? Ruwansu ɗaya ƙwarai. Kari shi ne mai gadin kalmomi. Idan ka ba mutum labari da zube, gobe zai faɗe shi da kalmominsa, jibi wanda ya ji daga gare shi zai ƙara gishiri, kafin mako mutum uku sun zama talatin. Amma idan labarin na cikin ɗango mai kari, duk wanda ya cire kalma ya sa wata da ba ta yi nauyin ta farko ba, ɗangon zai ɗingisa, mai saurare kuma zai ce ba haka ake faɗa ba. Magabata sun san wannan sarai. Shi ya sa a ƙarshen waƙa sukan faɗi yawan baitocinta, su ambaci sunan mai ita, su kuma ɓoye shekarar da aka yi ta a cikin wata kalma da ake kira ramzi, wadda idan aka lissafa haruffanta da hisabi sai shekarar ta fito. Sun kulle waƙar ke nan ta yadda ragi ko ƙari zai yi wuyar ɓuya.

Dubi Waƙar Bagauda, wadda ta jero sarakunan Kano da tsawon mulkinsu, ta daɗe a hannun malamai da bakin jama'a kafin Mervyn Hiskett ya buga ta a shekarun 1960. Dubi Waƙar Gewaye, wadda asalinta waƙar Fulatanci ce ta Nana Asma'u, da ke bin sawun Shehu Usmanu da jama'arsa zango bayan zango. Dubi Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano da ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, yadda ya waƙe zuwan Turawa gari bayan gari. Waɗannan mutane sun iya zube, sun kuma yi rubutu da shi. Sun zaɓi waƙa ne saboda suna son labarin ya isa wurin wanda ba ya karatu, ya kuma zauna yadda aka faɗe shi. Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho ne, da ka ya tsara Imfiraji mai ɗaruruwan baitoci. Ba don kari ba, a ina zai ajiye ta?

Sai maimaici. Makarantar boko ta koya mana cewa maimaita magana aibi ne, malamin insha'i ma jan biro yake sa wa. A takarda haka ne, domin mai karatu na iya komawa baya ya duba abin da ya wuce shi. Mai saurare kuwa ba shi da wannan dama. Idan magana ta wuce ta wuce. Maimaici shi ne komawa bayan da mawaƙi ke yi masa. Ku tuna yadda kakanninmu ke yin tatsuniya: 'yar waƙar da ke ciki sai an rera ta a gaban kowane wanda yarinyar ta tarar a hanya, sau uku, sau huɗu, ba a canza ko kalma ɗaya. Yaro ba ya gajiya da ita, hasali ma ita yake jira, kuma da ita yake ƙirga inda labari ya kai.

Makaɗan baka sun fi kowa sanin wannan. Suna da gindin waƙa wanda 'yan amshi ke dawo da shi bayan kowane ɗa. Yayin da 'yan amshi ke faɗinsa, jagora na numfasawa yana shirya abin da zai zo, mai saurare kuma na narkar da abin da ya ji. Haka kirarin da ake liƙa wa sunan mutum, duk inda sunan ya fito sai kirarin ya biyo: da shi ake gane wanda ake magana a kansa ko da mutane sun yi yawa a labarin. Marubuta ma sun yi amfani da dabarar. Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kowane baiti nata da waɗannan kalmomi biyu na sunanta yake rufewa, kuma wannan ne ya sa ko wanda ya manta sauran ba ya manta inda ake sauka.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan. A tsakanin 1933 da 1935 wani malamin jami'ar Harvard ta Amurka, Milman Parry, da ɗalibinsa Albert Lord, sun je tsohuwar ƙasar Yugoslabiya suna naɗar muryar mawaƙan ƙauye. Sun sami wanda ya rera musu waƙar labari mai ɗango sama da 12,000 ba tare da takarda ba. Abin da suka gano shi ne mawaƙin na da ajiyayyun jimloli da suka dace da karinsa, yana dawo da su duk inda buƙata ta taso, kuma da irin wannan hanya ce tsofaffin waƙoƙin Girka na Homer suka ginu. Wato abin da muke jin kunyarsa a matsayin ƙarancin fasaha, shi ne ƙashin bayan manyan waƙoƙin labari na duniya.

Sai dai maimaici ma suna ya tara. Akwai wanda ke riƙe labari, akwai wanda ke cike gurbin labarin da babu. Idan an shiga situdiyo da baiti uku, aka sa na'ura ta yi ta juya amshi har minti bakwai su cika, wannan ba shi muke nufi ba. Ma'aunin mai sauƙi ne: tsakanin amshi da amshi, labarin ya matsa gaba ko yana nan inda yake? Idan ya matsa, maimaicin ya yi aikinsa. Idan bai matsa ba, an cinye wa mai saurare lokaci ne kawai.

Yanzu mu zo kan autan, wanda ya zama ɗan lele. Ba na raina amsa-amo. Yana sanar da kunne cewa baiti ya ƙare, yana taimakon hadda, yana kuma da daɗi. Amma ga hujjar da ta sa na ajiye shi a ƙarshe: Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba su ɗaure kansu da harafi ɗaya a ƙarshen kowane layi ba. Kalangu da kuntigi ne ke riƙe musu awo, amshi ko gindin waƙa ke riƙe musu zaren magana. Duk da haka har gobe ana rera labaran da suka bayar. Ashe waƙa na iya rayuwa da kari da maimaici ko babu amsa-amo. Wadda ke da amsa-amo kaɗai kuwa, ku nuna mini guda ɗaya da ta yi shekara ashirin a bakin mutane.

Kuma a waƙar labari amsa-amo na da wani haɗari da sauran biyun ba su kai shi ba: yana iya sa mawaƙi ƙarya. A ce yaro ya ɗauko waƙar unguwar nan, ya ga sunanta ya ƙare da “mi”, sai ya ɗaure kansa da shi. Daga nan kowa a waƙar sai ya zama jarumi ko malami, ko da mutumin ɗan kasuwa ne mai haƙuri da bai taɓa faɗa da kowa ba. Ko kuma abu ya faru ran Laraba, amma da yake harafin “ta” ake bi, sai a mayar da shi Talata. Mawaƙin zai ce ai ƙaramin abu ne. To idan waƙar ta karɓu, bayan shekara hamsin wannan Talatar ita ce tarihi, babu mai iya ƙaryata ta. Mu sani cewa kari ba ya tantance gaskiya, abin da aka zuba masa shi yake adanawa. Ƙaryar da ta sami kari mai kyau ta fi gaskiyar da aka faɗa da zube tsawon rai.

Magabata sun nemo wa wannan matsala mafita. Waƙa ƙwar biyar tana da amsa-amo biyu: ƙarami, wanda ɗango huɗu na farko ke bi, yana kuma canzawa daga baiti zuwa baiti, da babba, wanda ɗango na biyar ke riƙewa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ka ga mai labari ya sami sarari, idan suna ko rana ba su dace da babban ba sai ya shigar da su ciki. Wata hanyar kuma ita ce ta Alfiyyar Ibn Malik da ake karantawa a zaurukanmu, inda kowane baiti ke da amsa-amon kansa tsakanin rabinsa na farko da na biyu. Da irin wannan tsari ne Firdausi na ƙasar Farisa ya gama Shahnama a shekarar 1010, mai baiti kusan 50,000. Wanda zai yi tafiya mai nisa ba ya ɗaure ƙafarsa da igiya ɗaya.

Wanda kuma ya ga zai iya riƙe harafi ɗaya, to ga abin koyi a gida. Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin nan da ya rasu a 1958, ya riƙe “ya” a waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya tun daga farko har ƙarshe, bai kuma bar harafin ya janye shi daga hujjar da yake kafawa ba. Shi ne kuma ya yi Maraba da Soja don tarbar sojojinmu da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu. Ya iya hakan ne domin ya sha karatun zaure kafin na boko, yana da rumbun kalmomi da zai zaɓa daga ciki. An sa sunansa a makaranta, an sa a jami'a. Amma ni a ganina babbar karramawar da Bauchi za ta yi masa ita ce ta fitar da yaran da suka iya auna ɗango kamar yadda ya iya.

Na san akwai masu cewa zamani ya wuce wannan wahala, tunda ga waya ga intanet, komai ana iya naɗa a ajiye. Haka ne, kuma ya kamata a naɗa. Amma waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, shafi na rufewa. Ko ba ta ɓata ba, abin da ke cikin waya sai an tuna da shi an neme shi, waƙar da ta zauna a ka kuwa ita ke zuwa da kanta, ana wanke-wanke, ana tuƙin Keke Napep, ana rarrashin yaro. Akwai kuma masu rubuta waƙa marar kari da gangan, don a karanta da ido. Wannan zaɓinsu ne, ba ni da ja. Sai dai kada mu ɗora wa irin wannan waƙa nauyin ɗaukar tarihi daga kaka zuwa jika, domin ba a gina ta don haka ba.

Abin da ke gabanmu kuwa ba ƙarami ba ne. Manyan abubuwan tarihin Bauchi suna rubuce: Malam Yakubu ya kafa garin a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya rasu a 1845, Turawa suka shigo a 1902. Wannan ba zai ɓata ba. Abin da ke ɓacewa shi ne na unguwa. Su wa suka fara zama a bakin ƙofar nan? Waɗanne sana'o'i aka san kowane gida da su? Wa ya haƙa rijiyoyin da aka sha kafin famfo? Waɗanne malamai mata ne suka karantar da iyayenmu a cikin gida? Amsoshin suna kan dattawan da muke rakawa makwanci ɗaya bayan ɗaya. Haka abin yake a Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Wase da sauran unguwanni.

Shawarata ga matasa masu wannan baiwa ita ce a bi abin daki-daki. A fara zama da dattawa, maza da mata, a naɗi maganarsu, a rubuta da zube, a gwada ta wani da ta wani har a tsayar da abin da aka tabbatar. Bayan nan ne za a shiga waƙa. Ka zaɓi kari ɗaya ka riƙe, ko da ta hanyar ɗaukar wata murya da kunnenka ya saba da ita ne. Ka sa amshin da yaro ɗan shekara bakwai zai iya kamawa a ji na biyu. Sannan ka zaɓi amsa-amo mai yalwa, idan kuma ya yi karo da gaskiya, shi za a canza. Kafin ka saki ko baiti ɗaya, rera shi da ƙarfi a gaban malamin zaure da ya san aruli, ko malamin Hausa na makarantar kusa, ko wata tsohuwa mai kunnen waƙa. Inda ta yamutsa fuska, nan ɗangon ya karye. Masu son ƙarin haske kuma su nemi Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo.

Su kuma manyanmu, abin da ake nema a wurinsu shi ne su ba da lokaci da wuri. A riƙa ba yaran nan minti goma a taron Sallah, ko walimar sauka, ko bikin yaye ɗalibai, su rera abin da suka tsara a gaban waɗanda suka san labarin, don a gyara musu tun masu gyaran na raye. Waƙar da ta tsallake wannan jarrabawa ita ce za mu iya barin wa na baya da kwanciyar hankali.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya yi wa matasanmu albarka. Amin.